Farar giwa (salon maganar Turanci)

"White elephant", wato farar giwa, salon magana ne a Turancin Ingilishi da ake yi wa abin da ya ci kuɗi mai yawa, yake ci gaba da cin kuɗi wajen kula da shi, amma amfaninsa bai taka kara ya karya ba, kuma rabuwa da shi ya gagara. Bahaushe zai kira irinsa alaƙaƙai, ko ƙadangaren bakin tulu: a kar shi a kar tulu, a bar shi ya ɓata ruwa.

Asali

Maganar ta samo tushe ne daga kudu maso gabashin Asiya, musamman Siyam, wadda ta koma Tailan a 1939, da maƙwabciyarta Bama. A can giwa mai hasken fata dabba ce mai tsarki. Mabiya addinin Buda sun ruwaito cewa mahaifiyar Buda, Sarauniya Maya, ta yi mafarkin farar giwa kafin ta haife shi. Don haka duk wadda aka kama ta sarki ce, ba a sa ta ɗaukar kaya ko jan katako kamar sauran giwaye, kuma yawansu a fada alama ce ta albarkar mulki. Har yaƙi an yi a kansu: a 1563 Sarki Bayinnaung na Bama ya nemi biyu daga cikin fararen giwayen sarkin Ayutthaya, tsohuwar daular Siyam, aka hana shi, ya ɗauko runduna. Tutar Siyam ma, daga 1855 har zuwa wajen 1917, hoton farar giwa ne a kan jan ƙyalle.

Sunan kuwa yana da ruɗi, domin ba fara fat ba ce. Fatarta ta fi kama da jar ƙasa mai haske, tana komawa ruwan hoda mai haske idan ta jiƙe. Ba'amurken nan mai wasannin nuna dabbobi, P. T. Barnum, ya ga haka a 1884, lokacin da ya kawo wata daga Bama aka nuna ta a Landan, 'yan kallo suka tarar da giwa mai ruwan toka da 'yan dabbare-dabbare, suka watse suna guna-guni.

Labarin da Turawa ke bayarwa shi ne, idan bafade ya ɓata wa sarkin Siyam rai, sai sarki ya yi masa kyautar farar giwa. Ba ya iya mayar da kyautar sarki, ba ya iya sayarwa, ba ya iya sa ta aiki, ga shi babbar giwa na iya cinye abinci kilo 150 a rana. A hankali dukiyarsa ta ƙare a bakin dabba. Labarin ya yi daɗi, amma ya fi kama da ƙagen matafiya, domin sarakunan ba sa sakin irin wannan dabba ga kowa, balle ga wanda suke fushi da shi. Ko ma dai yaya ne, zuwa tsakiyar ƙarni na 19 maganar ta zauna a Turanci da ma'anarta ta yau.

Amfani

Yanzu an fi jin ta a kan manyan ayyukan gwamnati. Misalin da ake yawan kawowa shi ne filin jirgin sama na Mirabel kusa da Montreal a Kanada, wanda aka buɗe a 1975 da burin ya zama cikin mafi girma a duniya, amma a 2004 jiragen fasinja suka daina sauka. Filin wasan Olamfik na birnin, na 1976, sai a 2006 aka gama biyan bashinsa. Jaridun Najeriya na Turanci ma sun riƙe maganar, kuma sun sha liƙa ta ga kamfanin ƙarfe na Ajaokuta a Jihar Kogi, wanda aka fara ginawa a 1979 tare da Tarayyar Sobiyet.

Akwai kuma amfani mai sauƙi. A Birtaniya, teburin da ake sayar da tarkacen da mutane suka gaji da su a bukukuwan tara kuɗi na coci ko makaranta yana ɗauke da wannan suna. A Amurka kuwa wasa ne na lokacin Kirsimeti, inda ake musayar kyaututtukan ban dariya, kowa na da damar ƙwace na wani.