Ma'anar fanshon adashin gata da matsayin ma'aikatan jirgin ƙasa a cikinsa

Fanshon adashin gata shi ne tsarin da ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki suke zuba wani kaso na albashi kowane wata a asusun da aka buɗe da sunan ma'aikacin, a riƙa juya kuɗin har ranar da zai yi ritaya. Najeriya ta shigo da shi ta dokar gyaran fansho ta 2004, lokacin mulkin Olusegun Obasanjo, inda kowane ɓangare yake zuba kashi 7.5 cikin ɗari. Dokar 2014 ta ɗaga adadin, ma'aikaci yana ba da kashi 8, mai aiki kuma kashi 10, ana lissafa su a kan ainihin albashi da kuɗin gida da na sufuri.

Kodayake ana kiransa adashi, babu kwasa bi da bi kamar yadda aka saba a kasuwa. Kowa abin da aka tara masa, tare da ribar da ya haifar, shi zai ci. Kamfanin kula da fansho ne ke yanke shawarar inda za a saka jarin, amma kuɗin kansu suna hannun wani kamfanin ajiya dabam, hukumar kula da fansho ta ƙasa, wato PenCom, kuma tana sa ido a kan duka biyun. An raba aikin haka ne da gangan, domin kada mai juya kuɗi ya zama shi ne mai riƙe da su.

Ma'aikatan Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, wadda aka kafa a 1955, suna nuna bambancin tsohon tsari da sabo fiye da kowa, domin dukansu biyu suna aiki a kansu. A tsohon tsari ba a cire wa ma'aikaci komai. Gwamnati ce ke alkawarin biyansa garatuti da fansho gwargwadon shekarun aikinsa da albashinsa na ƙarshe, daga kasafin kuɗi. Da harkar jirgin ƙasa ta durƙushe, kuɗin shiga suka ƙafe, alkawarin ya zama bashi, tsofaffin direbobi da makanikai da masu gyaran layi a garuruwa irin su Zariya da Kafanchan da Inugu suka riƙa jiran haƙƙinsu wata da watanni. Waɗanda saura shekara uku ko ƙasa da haka su ajiye aiki a 2004 an bar su a tsohon tsarin, kuma yanzu PTAD, hukumar da ke kula da 'yan fanshon tsohon tsari na gwamnatin tarayya, ce ke biyansu. Sauran duka sun koma adashin gata.

Wanda ya yi ritaya, idan ya kai shekara 50, yana iya karɓar wani kaso a dunƙule, sauran kuma ya zaɓi ɗaya cikin biyu: kamfanin fansho ya riƙa biyansa wata-wata daga asusunsa, ko ya miƙa kuɗin ga kamfanin inshora da zai biya shi har ƙarshen rayuwarsa. Wanda ya rasa aiki kafin wannan shekara, ya kuma yi wata huɗu bai sami wani ba, doka ta ba shi damar cirar kashi 25.

A ganina, raunin tsarin yana wurare biyu, kuma duka ba laifin ma'aikaci ba ne. Na farko ya shafi ma'aikatan gwamnatin tarayya da suka fara aiki kafin 2004, domin haƙƙin shekarunsu na baya yana wuyan gwamnatin tarayya, kuma jinkirin sakin wannan kuɗi ya sha hana masu ritaya taɓa ko da abin da suka tara da guminsu. Na biyu shi ne masu ɗaukar aiki da ke cire kason ma'aikaci amma ba sa turawa, alhali doka ta wajabta a tura cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi, tare da tarar da ba ta gaza kashi 2 ba a kowane wata na jinkiri. Saboda haka ya dace ma'aikaci ya riƙa duba bayanan asusunsa tun yana bakin aiki, kuma tun daga 2020 yana da ikon sauya kamfanin fansho sau ɗaya a shekara idan bai gamsu da shi ba.