Kwalta da karen gadi a bazarar Maraɗi: tambayoyi da amsoshi

A bazarar bara na shiga wani garejin manyan motoci a bakin hanyar Ɗan Isa, bayan azahar. An ɗaure kare da sarƙa a tsakiyar fili mai kwalta. Yana ɗaga dagin dama ya sauke, ya ɗaga na hagu, kamar mai taka garwashi, ga harshe waje, ga kwanon ruwansa ya bushe ƙayau. Na ce wa maigadin, "Baba, karenka wuta yake takawa." Ya ce, "Ɗana, ai kare ne, ya saba." Tun ranar nake zancen nan da masu gareji, masu sito da masu karen gadi a gida, ga kuma abin da suka fi tambaya.

Ai kare ya saba da rana, me kwalta za ta yi masa?

Sabo ba ya hana ƙuna. A Afrilu da Mayu zafin iska a Maraɗi yakan haura digiri 40, amma wannan awon iska ne a inuwa. Kwalta baƙa ce, tana shanye mafi yawan hasken da ya sauka a kanta, don haka a tsakar rana takan wuce digiri 60. Tafin dagin kare ya fi tafin mutum kauri, sai dai fata ce, tana yin bororo ta saluɓe.

Ƙunar ƙafa ma ita ce ƙarama. Kare ba ya zufa a jiki kamar mu, sai ɗan kaɗan a dagi. Da lallage, wato haki da harshe waje, yake fitar da zafi, kuma bakinsa da cikinsa suna kusa da ƙasa, inda hucin kwalta ya fi ƙarfi. Zafin jikinsa na lafiya tsakanin digiri 38 ne da 39. In ya wuce 41 ransa na cikin haɗari. Karen unguwa da ke yawo yakan nemi ƙarƙashin mota, ko ya tona rami a gindin bango ya kwanta. Na sarƙa an hana shi wannan dabarar.

Yaya zan gane kwalta ta yi zafi da yawa?

Ɗora bayan hannunka a kai, ka ƙirga zuwa bakwai a hankali. In ka janye kafin ka gama, ba wurin tsayuwar kare ba ne.

In na riƙa watsa ruwa ba ya isa?

Yana taimako, amma a fili tsirara asarar ruwa ce. Bokiti guda a kan kwaltar da rana ke duka, kafin ka kai bokitin ɗaki ta bushe, zafin da ta tara a cikinta kuma ya sake tasowa. A inuwa ne ruwa ke aiki. Iskar bazara busasshiya ce, shi ya sa danshi ke sanyaya wuri sosai, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Ka yayyafa da hantsi kafin wurin ya ɗauki zafi, ka ƙara bayan azahar. Da damina ta kusa, iska ta yi nauyi da danshi, wannan dabarar takan yi rauni.

To wace irin inuwa?

Nan ne maganar take. Kwaltar da rana ba ta taɓa ba, ba ta da wutar da za ta ƙona kowa.

In akwai dogon yaro a filin, an huta: a mayar da turken gindinsa. In babu, a kafa rumfa irin tamu, ta zana ko karan gero, da tsayin da mutum zai tsaya ciki bai sunkuya ba. Rumfa gajera tana riƙe zafi. Rufin kwano shi kaɗai kuma yaudara ne, ka ga inuwa a ƙasa alhali shi yana zubo huci daga sama. Wanda ya riga ya yi rufin kwano ya jera kara ko zana a bisansa.

Kuskuren da na fi gani shi ne manta cewa inuwa tana tafiya. Mutum ya kafa rumfa da safe, ya ga kare kwance lafiya, ya tafi kasuwa. Da la'asar rana ta karkata ta shigo ta gefe, inuwar ta koma inda sarƙa ba ta kai ba, kare yana kallonta daga cikin rana. Wannan ya fi komai ci mini rai, don mai shi yana ganin ya sauke nauyi. Sai an leƙa wurin sau uku a yini guda, hantsi, azahar da la'asar. A saki zana a ɓangaren yamma, a bar sauran gefuna a buɗe iska ta ratsa. Rumfar kuma ta fi faɗin wurin kwanciya nesa, don kwaltar da ke kewaye tana turo zafinta ciki.

Me zan shimfiɗa masa?

Katakon nan da ake jera buhuna a kai a sito ya fi komai, tunda ya ɗaga kare daga ƙasa, iska na bi ta ƙarƙashi. A cire ƙusoshin da suka fito, a toshe faɗin da dagi zai iya maƙalewa. Ko a zuba yashi mai kauri, kamar taƙi guda, a riƙa jiƙa shi. Za ka ga ya tona ya kwantar da ciki a danshin. Yashi a rana shi ma wuta ne, sai a ƙarƙashin rumfa. A riƙa sauya shi saboda kaska da fitsari. Leda, tamfol baƙi da tsohuwar taya duk suna ɗaukar zafi.

An ce a shafa wa kwaltar farar ƙasa?

Fari yana mayar da hasken rana, don haka wurin zai rage zafi. Amma tana gogewa da wuri, kuma in tana ɗanya tana cin fata. A kawar da kare sai ta bushe sarai.

Da dare ai an huta?

Taɓa kwalta bayan isha'i ka ji. Abin da ta sha da rana a hankali take amayar da shi, a daidai lokacin da ake sakin kare ya yi gadi. Ruwan sha kada ya yanke dare da rana, a kasko ko mazubi mai nauyi da ba zai kifar ba. Kwanon ƙarfe a rana dafa ruwa yake yi.

Malam, duk wannan wahala saboda kare?

Alhaji, kai ka ɗaure shi, dukiyarka yake tsarewa. Mun taso muna jin hadisin mutumin da ya sauka rijiya, ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishi, Allah ya gafarta masa. Wancan karen ma ba nasa ba ne. Zana biyu da sanduna huɗu ba su kai kuɗin buhu ɗaya daga cikin waɗanda yake gadi ba.

In zafi ya riga ya buge shi fa?

Alamunsa lallage mai tsanani, yawu mai kauri, dasashi ja wur, tangaɗi, amai, sai faɗuwa. Karnukan waje masu gashi da yawa, irin na Jamus, da masu guntun hanci, da tsofaffi da masu ƙiba, su ne kan gaba. A kai shi inuwa nan take, a riƙa kwarara masa ruwa mai sanyi a wuya, ciki da cinyoyi, ana yi masa fifita. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, zai tare zafin a jikinsa. In yana iya sha a ba shi kaɗan-kaɗan, ba a ɗura masa. Ko ya miƙe, a kai shi wurin likitan dabbobi a ranar, don illar takan taɓa ƙoda ta bayyana daga baya. Dagin da ya ƙone a wanke shi da ruwa mai tsabta, a hana shi lasa, kuma kada a shafa masa baƙin mai.