Amos Alonzo Stagg: Kocin da ya so zama fasto, ya ƙare a filin wasa

Wane ne Stagg?

An haife shi ranar 16 ga Agusta 1862 a garin West Orange na jihar New Jersey a Amurka. Mahaifinsa mai gyaran takalma ne, gidan kuma ba na masu hali ba. Ya yi karatu a Jami'ar Yale, inda ya yi suna a wasan besbol da ƙwallon Amurka, wato wadda ake runguma a ruga da ita, ba tamaula irin tamu ba. A 1889 yana cikin 'yan wasa goma sha ɗaya da aka fara zaɓa a matsayin gwanayen ƙwallon Amurka na jami'o'in ƙasar.

Me ya kai shi horar da 'yan wasa?

Burinsa ya zama fasto, har ya fara karatun addini. Sai ya lura ba shi da baiwar magana a gaban jama'a. Ya ga cewa tarbiyyar da yake son yi wa matasa daga kan mumbari, zai iya yin ta a filin wasa. A ganina nan ne asalin labarinsa. Ƙungiyoyin besbol na ƙwararru sun yi masa tayin kuɗi, ya ƙi. Ba ya shan giya, ba ya shan taba, ba ya ashar. Idan yaro ya ɓata masa rai a atisaye, iyakar abin da zai kira shi "jaki".

Ina alaƙarsa da ƙwallon kwando?

A gabansa aka haife ta. Daga 1890 yana makarantar YMCA, wato ƙungiyar matasa Kiristoci, da ke Springfield, jihar Massachusetts, yana horar da 'yan ƙwallon Amurka, kuma James Naismith na cikin 'yan wasansa. Naismith ya ƙirƙiro ƙwallon kwando a Disamban 1891. A Maris 1892 aka buga wasan farko a bainar jama'a, ɗalibai suka ci malamai 5 da 1. Ɗayan nan da malamai suka samu, Stagg ne ya jefa ta.

Da ya koma Jami'ar Chicago a 1892, ya tafi da wasan, ya kuma taimaka wajen yaɗa tsarin mutum biyar-biyar. Kaka ɗaya kawai ya yi yana kocin ƙungiyar kwandon jami'ar, 1920 zuwa 1921, amma daga 1917 ya kafa gasar makarantun sakandare ta ƙasa baki ɗaya.

Me ya yi a Chicago?

William Rainey Harper, tsohon malaminsa a Yale kuma shugaban jami'ar na farko, shi ya ɗauko shi, ya ba shi matsayin malami cikakke. A wancan zamani ba kasafai koci ke samun haka ba. Ya yi kaka 41 a can yana kocin ƙwallon Amurka, ya ci kofin rukunin jami'o'insu sau bakwai, ana kuma lissafa ƙungiyoyinsa na 1905 da 1913 a matsayin zakarun ƙasa. Filin wasan jami'ar ya ci sunansa. A ƙarƙashin benen 'yan kallo na filin ne masanin kimiyya Enrico Fermi da abokan aikinsa suka kunna tukunyar nukiliya ta farko a duniya, ranar 2 ga Disamba 1942.

Me ya raba shi da jami'ar?

Shekaru. Da ya cika 70 aka ce ya yi ritaya, ya ce da sauran ƙarfinsa. Ya tafi Kwalejin Pacific a Stockton, jihar California, ya yi aiki daga 1933 zuwa 1946. A 1943, yana ɗan shekara 81, aka zaɓe shi gwarzon koci na shekara. Daga nan ya haɗu da ɗansa suna aikin koci a Jami'ar Susquehanna har 1952, sannan ya koma Stockton yana koya wa yara bugun ƙwallo har ya haura 90.

Yaushe ya rasu?

Ranar 17 ga Maris 1965 a Stockton, yana da shekara 102. Kafin nan an sa sunansa a zauren girmamawa na ƙwallon Amurka ta jami'o'i a 1951, da na ƙwallon kwando a 1959.