Rashin gane abokin yarinta ba lalle ruɗewar tsufa ba ne

A Tawa, mutum kan dawo daga Abijan bayan shekara 40, ya je gaida abokin da suka yi makarantar allo tare, tsohon ya dube shi shiru. Nan take sai a ce ya ruɗe, ko kuma girman kai ne. Galibi duk ba haka ba ne.

Abin da ya faru tsakanin shekara 10 zuwa 30 na rayuwa shi ya fi zama daram a ƙwaƙwalwar tsoho. Fuskar yaro ya riƙe, ga shi an kawo masa mai furfura. Sai yanar ido ta ƙara dushe fuskar, kunne kuma ya yi nauyi. Siraran sautuka irin "s" da "f" su ke fara ɓacewa, shi ya sa yake jin murya amma sunan ya wuce shi.

Daka masa tsawa ba ya gyara komai, ƙara cakuɗa kalmomin yake yi. A kashe rediyo, baƙon ya zauna kusa, kamar taku ɗaya, haske na kan fuskarsa, ba a bayansa ba. Ya faɗi sunan da ake kiransa da shi suna yara, da unguwa, da sunan malaminsu, a hankali: "Malam, ni ne na gidan bakin rijiya." Sannan a ba shi lokaci, kada ƴaƴa su riga shi amsawa.

Wanda ke ɓata a hanyar masallacin unguwarsu, ko ya kasa gane ƴaƴan cikinsa, wannan kam a kai shi ga likita.