Dusar Teku da Gurɓatar Mai a Ƙarƙashin Teku

Dusar teku ita ce ɗiɗɗigar da ke zuba daga saman teku zuwa ƙasansa ba dare ba rana. Babu ƙanƙara a cikinta, kamanninta da dusar ƙanƙara ne kawai ya jawo sunan. Matattun ƙananan tsirrai da dabbobin ruwa ne, da kashinsu, da ƙurar yumɓu, waɗanda wani yauƙi mai danƙo ke dunƙulewa har su nitse. A zurfin da rana ba ta kaiwa, da ita yawancin halittu marasa ƙashin baya ke rayuwa, irin su tsutsotsi, dodon koɗi, murjani da ƙananan dangin jatan lande.

Danƙon nan ne ke zama masifa idan mai ya malala. Ɗanyen mai sama yake tasowa, amma ɗigonsa kan manne wa dusar, ita kuma ta sauka da shi.

An ga haka ƙarara bayan fashewar dandamalin haƙar mai na Deepwater Horizon a Mashigin Tekun Meksiko ranar 20 ga Afrilu, 2010. Ma'aikata 11 suka mutu, rijiyar da ke zurfin kusan mita 1,500 ta yi kwana 87 tana aman mai. An fesa sinadarin Corexit kusan lita miliyan 7 don tarwatsa man. Ƙananan halittun ruwa kan saki yauƙi da yawa idan mai ya dame su, ga kuma lakar da Kogin Misisifi ke kawowa, sai dusar ta yi kauri. A Nuwamban shekarar aka tarar da murjani a nisan kilomita 11 daga rijiyar, wata ƙazanta mai ruwan ƙasa ta lulluɓe rassansa, naman jikinsa na saɓulewa.

Ɓarnar ta hanya biyu take zuwa. Dabbar da ta ci dusar ta haɗiyi gubar man. Ta biyun ta fi wuyar ganewa: bakteriyar da ke ruɓar da dusar kan cinye iskar oksijin da ke cikin laka, numfashi ya gagari dabbobin da ke cikinta, shi ma man ya daɗe bai ruɓe ba, domin ruɓewarsa na buƙatar wannan iskar. Dangin jatan lande masu haƙa rami kan fara ƙarewa, wasu tsutsotsi masu juriya su mamaye wurin.

Farfaɗowa na da jinkiri saboda sanyi, kuma murjanin zurfi kan yi ɗaruruwan shekaru yana girma. Lakar da aka haƙo kusa da rijiyar mai ta Ixtoc I, wadda ita ma ta fashe a Mashigin Tekun Meksiko a 1979, ta nuna alamun irin wannan saukar man.