An tura ɗanka makarantar fasaha? Ba a rufe masa ƙofar jami'a ba

Shekaranjiya wata maƙwabciyarmu a Birni ta shigo gida riƙe da takardar ɗanta, ko sallama ba ta gama ba ta ce: "Malam, wai sun jefa shi tekinik. An ce ba shi ba jami'a har abada." Wannan zance ya cika Damagaram, daga majalisun shayi har Kasuwar Dole, kuma ba haka doka ta ce ba.

Dokar da ta tsara ilimi a Nijar, wadda ake kira LOSEN, ta 1 ga Yuni 1998, ta sa koyon sana'a da fasaha cikin tsarin ilimin ƙasa, ba a matsayin wurin ajiye waɗanda suka kasa ba. Ta shafi ɗan lakwal da ɗan koyo a gareji da wanda ya bar karatu.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne takardun. Wanda ya shiga CFM, cibiyar koyon sana'a, ya koyi ɗinki ko walda ko gyaran babur, takardarsa ta shaidar iya sana'a ce. CAP da BEP, takardun kammala karatun sana'a, ma haka: suna da daraja wurin neman aiki, amma ba BAC ba ne, wato takardar kammala sakandare da ake shiga jami'a da ita, kuma da su kaɗai ba a shiga jami'a kai tsaye, sai an ƙara karatu. Nan gaskiyar jita-jitar ta tsaya. Shi kuwa yaron da ya je lise ta fasaha, irin Dan Kassawa ta Maraɗi, ya ci BAC a fannin F3 na lantarki, ko F4 na gine-gine, ko G2 na lissafin kuɗi, BAC ɗinsa BAC ne cikakke, kamar na abokinsa mai D, fannin kimiyya. Yana iya neman IUT, cibiyar fasaha ta Jami'ar André Salifou nan Zinder, ya yi shekara 2 ya samu difloma ta fasaha (DUT), ya ƙara ta uku ya fito da lisans. Abin lura kawai, fannin da ya karanta shi ke nuna masa ƙofa: mai G2 ba zai wayi gari yana karatun likita ba.

To, a takarda an yi adalci. A ƙasa fa? Na taɓa shiga wani ɗakin koyon aiki na tarar da yara sun fi ashirin sun kewaye injin walda ɗaya, shi ma babu wuta, malam yana zana musu a allo. Kuma masu yabon sana'a a rediyo, nasu ƴaƴan ba can suke ba. Iyaye ba makafi ba ne. Alhali ga matatar man fetur ta SORAZ tun 2011 a bayan gari, ba da zance ake gyara bututunta ba.

Na ce wa maƙwabciyar tamu ta je ta tambayi abu guda: wace takarda ake bayarwa a ƙarshen karatun? Jiya da yamma ta dawo. F4 ne.