Rajistar bindigogi da rumbun ƙwayoyin halitta a aikin 'yan sanda

Rajistar bindigogi kundi ne da hukuma ke rubuta lambar kowace bindiga da sunan mai ita. Rumbun ƙwayoyin halitta kuwa ma'ajiya ce ta alamun gado da ake cirowa daga jini, yawu ko gashi, domin a gwada abin da aka tsinta a wurin laifi da na waɗanda aka taɓa kamawa. Gwamnatoci kan auna su da tambaya ɗaya: wanne ya fi warware laifi gwargwadon kuɗin da ya ci?

Kanada ce misalin da aka fi kawowa. A 1995 ta yi dokar rajistar dogayen bindigogi, da lissafin cewa kuɗin lasisi zai biya kusan komai, baitulmali ya cika dala miliyan 2 kacal. A 2002 Babbar Mai Binciken Kuɗi, Sheila Fraser, ta ce shirin zai ci sama da dala biliyan 1 na ƙasar. An soke rajistar a 2012. Masu goyon bayanta sun ce tana sanar da ɗan sanda akwai makami a gida kafin ya shiga, sai dai ɗan fashi ba ya kai bindigarsa a rubuta.

Ingila ta buɗe rumbunta a 1995, bisa dabarar gane mutum ta alamun gado da masanin kimiyya Alec Jeffreys ya gano a 1984. Ƙarfin rumbu yana kan mai maimaita laifi: samfuri ɗaya kan haɗa shari'o'i da yawa. Yana da nasa cikas. A 2008 kotun haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ce riƙe samfurin wanda ba a samu da laifi ba har abada ya saɓa haƙƙinsa.

A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta wajabta lasisi, ta kuma ba kwamishinan 'yan sanda na jiha ikon wajabta shi ga bindigar toka ta maharba. Amma bindigar maƙeri ba ta da lamba, kuma 'yan sara-suka a Bauchi da 'yan kalare a Gombe da adda da wuƙa suke ta'asa, makaman da rajista ba ta san da su ba, alhali jini na iya zama a jikin makaman. Nan rumbu ya fi riba a takarda. A aikace yana buƙatar wutar da ba ta yankewa, da ƙwararru, da killace wurin laifi kafin 'yan kallo su tattake shi. Legas ta buɗe cibiyar irin wannan gwaji a 2017.